Wat ko Lumen: Wace Fitila Ta Dace Ka Saya a Kano?

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari domin sayen ƙwan fitila ya san yadda cinikin yake tafiya. Za ka ce wa mai shago kana son ƙwai mai haske sosai, shi kuma ya tambaye ka, "Wat nawa za a ba ka, Alhaji?" Idan ka ce a ba ka babba, sai ya zaro kwalin da aka rubuta wat 30 ko wat 50 a jikinsa, ya ɗaura ƙwan a allon gwajin da ke gefensa, ya danna makunni, hasken ya kashe maka ido, ka biya ka kama gabanka. Sai da daddare, bayan an ɗaura shi a tsakiyar falo, za ka lura cewa bai kai tsohon ƙwanka mai wat 12 haskaka kusurwoyin ɗakin ba.

Tushen wannan ruɗani shi ne tambayar da aka fara da ita. Wat yana auna wutar da fitila take ci ne, kamar yadda lita take auna man da mota take sha, kuma babu wanda yake gane gudun mota daga yawan man da take zuƙa. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a sha'anin haske ido yana saurin yaudaruwa, domin ƙwayar ido tana tsukewa ta buɗe gwargwadon abin da ta tarar, kuma kallon ƙwai kai tsaye a shago ba ya nuna yadda zai cika ɗaki. Haske yana da nasa ma'aunai, kuma wanda ya san guda uku daga cikinsu ba zai sha wahalar zaɓi ba.

Ma'aunan haske guda uku

Na farko shi ne kandela, wanda yake ɗaya daga cikin manyan ma'aunai bakwai na tsarin awo na duniya, tare da mita da kilogiram da daƙiƙa da sauransu. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta kyandir, kuma har yau kyandir na gama-gari yana bayar da kusan kandela ɗaya. Kafin a daidaita ma'aunin kowace ƙasa da nata: Ingila tana awo da kyandir na musamman da aka yi da kitsen wata babbar dabbar teku, Jamus kuma da wata 'yar fitila mai suna Hefner. A shekarar 1948 babban taron awo na ƙasa da ƙasa ya tabbatar da sunan kandela, aka jingina shi da hasken da ke fita a zafin da narkakken ƙarfen filatinam yake daskarewa. A 1979 aka sake masa ma'ana bisa koren haske, wanda idon ɗan Adam ya fi ji da shi, inda aka tsayar da cewa wat ɗaya na wannan haske daidai yake da lumen 683. Wannan adadi na 683 shi ne aka kafa ma'aunin a kansa a gyaran da ya fara aiki a watan Mayun 2019. Abin da kandela yake faɗa shi ne ƙarfin hasken da ya nufi fuska guda.

Na biyu shi ne lumen, wato jimillar hasken da fitila take fitarwa ta kowace fuska. Fitilar da take ba da kandela ɗaya daidai wa daida a kowane ɓangare tana fitar da lumen kusan 12.6. Na uku shi ne luks, wato hasken da ya sauka a kan abu: lumen ɗaya da ya bazu a murabba'in mita ɗaya shi ne luks ɗaya. Hasken farin wata ranar sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, ranar tsaka kuwa tana iya kaiwa luks 100,000.

Mai ban-ruwa a lambu zai gane bambancin nan da nan. Lumen shi ne yawan ruwan da ke fitowa daga bakin tiyo. Idan ka matse bakin da babban yatsa, ruwan bai ƙaru ba, amma ya yi ƙarfi ya tafi nesa ta fuska ɗaya, wannan shi ne kandela. Yadda kowane yanki na ƙasa ya jiƙe kuwa shi ne luks. Saboda haka ƙwan ɗaki mai lumen 800 da ke watsa haske ko'ina bai wuce kandela 64 ba ta kowace fuska, alhali tocila mai lumen 300 da ta tattara haskenta wuri ɗaya tana iya kaiwa kandela dubbai. Mai sayen ƙwan ɗaki lumen zai duba, mai sayen tocila kandela ne damuwarsa, tela da ɗalibi kuma luks ɗin da ya sauka a kan yadi ko takarda ne ya shafe su.

Abubuwan da za a auna kowace fitila da su

Abu na farko shi ne lumen nawa fitila take bayarwa a kan kowane wat da ta ci, domin a nan ne ake gane mai tsimi da mai almubazzaranci. Na biyu shi ne kuɗi, kuma kuɗi biyu ne: wanda za ka miƙa wa mai shago yau, da wanda mita ko janareta ko batir zai riƙa karɓa a hankali. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wuta na rukunin Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan kuɗi na biyu ya daina zama abin rainawa ga masu shaguna da gidajen da ke kan irin waɗannan layuka. A lissafin da zai biyo baya zan ɗauki naira 200 a matsayin kuɗin yunit ɗaya domin sauƙi, kowa sai ya musanya da abin da yake biya. Na uku shi ne ƙarko, amma ƙarko irin na Kano, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta lulluɓe komai, wuta kuma ta zo wani lokaci da rauni wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima. Sai sauƙin samu da ɗaurawa, sai haɗari ga lafiya da dukiya. Akwai kuma launin haske, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi sai sun ga shaddar da suka saya da daddare ta sauya kama da safe.

Tsohon ƙwai mai zare

Wannan shi ne gulob ɗin da muka taso muka tarar, mai siririn zaren ƙarfe a ciki da yake yin ja har ya ba da haske. Mai wat 60 yana bayar da lumen 700 zuwa 800, mai wat 100 kuma tsakanin 1,300 da 1,600, ma'ana lumen 12 zuwa 16 kacal a kowane wat. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama. Idan aka kunna mai wat 60 na awa shida kullum, zai ci yunit 10.8 a wata, wato naira 2,160 a lissafinmu, kuma rayuwarsa kusan awa 1,000 ce, abin da bai cika wata shida ba. Shi ne mafi arha a hannun mai shago, kuma yana nuna launin kaya yadda yake, amma yana ƙara wa ɗaki zafi, yana ƙona holdar roba, kuma idan ya taɓa labule ko kwali yana iya tayar da gobara. Amfani ɗaya da ya rage masa wanda babu mai ja da shi shi ne ɗumama 'yan tsaki a wurin masu kiwon kaji, domin a nan zafin ake nema.

Ƙwan enaji mai lanƙwasa da dogon ƙwai

Waɗannan biyun dangin juna ne, dukansu bututun gilashi ne mai ɗauke da 'yar zaiba a ciki. Ƙwan enaji yana bayar da lumen 50 zuwa 70 a kowane wat, saboda haka mai wat 14 zai maye gurbin tsohon gulob mai wat 60, ya ci kusan yunit 2.5 a wata, kimanin naira 500. Mai kyau daga cikinsu yana kaiwa awa 6,000 zuwa 10,000, sai dai yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, wanda kuma shi ne halin da yake shiga a unguwar da ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa a dare guda. Ba ya kaiwa cikakken haskensa sai bayan minti ɗaya ko biyu. Dogon ƙwai mai ƙafa huɗu, mai wat 36, yana ba da lumen 2,500 zuwa sama da 3,000, kuma yana baza haske da kyau, shi ya sa ya daɗe a ajujuwa da ofisoshi da masallatai. Matsalarsa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashinsa lokacin da wuta ta zo ba ƙarfi: zai yi ta ƙifce-ƙifce yana ƙara, sitata, 'yar na'urar da ke tayar da shi, tana ƙoƙari, amma ya ƙi kamawa.

Babban abin dubawa a nan shi ne zaibar. Kaɗan ce, 'yan miligiram ne a kowane ƙwai, amma guba ce ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman ga yara da masu juna biyu, kuma a gidajenmu mataccen ƙwai cikin shara yake tafiya, yara su tsince shi a bola su fasa. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi na ɗan lokaci, a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, ciki har da Najeriya, sun amince a daina ƙera ƙwan enaji na gida da cinikinsa tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2025, dogon ƙwai kuma ya biyo baya zuwa 2027. Wanda yake da su suna aiki ya bar su su ƙare kwanansu, amma ban ga dalilin da zai sa mai sabon gini ya sayo su ba.

Ƙwan LED

A nan ne maganar take da tsawo, domin shi ne ya cika kasuwa, kuma a cikinsa ne mai kyau da marar kyau suka fi kama da juna. Farin hasken LED ya samu ne bayan an gano yadda za a yi shuɗin LED mai ƙarfi, aikin da ya sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, lambar yabo ta Nobel a 2014. Ƙwai na kirki yana ba da lumen 80 zuwa 120 a kowane wat, wasu ma fiye da haka. Mai wat 9 yana yin aikin tsohon gulob mai wat 60, ya ci yunit 1.6 a wata, kusan naira 325. A gidan da ke da ƙwai goma, bambancin da ke tsakanin naira 21,600 da naira 3,250 ne duk wata. Ga mai inbata lissafin ya fi fitowa fili: batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan na dalma ne kuma ana son ya daɗe, rabin cajinsa ake ja, kusan abin da zai riƙe tsohon gulob ɗaya na awa goma. Wannan cajin zai riƙe ƙwan LED shida masu wat 9 na kusan tsawon wannan lokaci.

A jikin kwali za ka ga an rubuta awa 15,000 ko 25,000, wanda a awa shida kullum ya kama kusan shekara bakwai ko fiye. A san abu biyu game da wannan adadi. Na ɗaya, yawanci yana nufin lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, domin LED yakan dusashe ne a hankali. Na biyu, an auna shi ne a ɗakin gwaji mai sanyi da wuta daidaitacciya. Abin da yake fara mutuwa a ƙwan LED shi ne ɗan injin da ke gindinsa mai juya wutar gari zuwa wadda ƙwayoyin suke buƙata, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. Na taɓa sayen guda uku masu arha da aka rubuta wa wat 20, na sa su cikin rufaffun kwanukan silin a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka biyu sun mutu, na ukun yana rawa kamar fitilar biki. Da na fasa ɗaya, babu komai a ciki sai roba da ɗan siririn faifai. Araha ba ta ado. Amma ni ma da laifina, domin ƙwan da aka kulle inda iska ba ta shiga, a ƙarƙashin kwanon rufi, a bazarar Kano, ko mai tsada ne zai jigata.

Akwai hanyoyin tantancewa tun a shago. Nemi adadin lumen a jikin kwali, sannan ka raba shi da wat. Idan an rubuta wat 30 amma lumen 1,200, to ko dai ƙwan bai kai wat 30 ba, ko kuma yana ɓarnar wuta, domin na gaskiya ya kamata ya kusa lumen 3,000. Kwalin da babu lumen a jikinsa sam ya riga ya ba ka amsa. Ɗaga ƙwan a tafin hannu: wanda ke da alminiyam a gindi domin fitar da zafi ya fi nauyi. Duba iyakar bolt ɗin da yake ɗauka, domin wutar gidajenmu bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma ƙwan da aka rubuta wa 85 zuwa 265 zai riƙe haskensa ko da wuta ta yi rauni. Idan an ɗaura shi a allon gwaji, ka haska shi da kyamarar waya, idan ka ga layuka baƙaƙe suna gudana a fuskar wayar, hasken yana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa, kuma irinsa yana gajiyar da ido wajen karatu. Sannan ka tambayi mai shago, "Malam, idan ya mutu cikin wata uku za ka canza mini?" Yadda zai amsa ya fi rubutun kwali gaskiya, kuma masu kayan kirki sukan rubuta kwanan wata a gindin ƙwan da alƙalami. Kada a manta da duba gindin, ko mai fil biyu ne ko mai murɗawa, don kada a isa gida a tarar bai shiga holda ba.

Maganar launi kuma kashi biyu ce. Akwai adadin kelbin: 2,700 zuwa 3,000 haske ne mai ɗan rawaya irin na tsohon gulob, 4,000 tsaka-tsaki, 6,500 kuma fari fat mai ɗan shuɗi, wanda shi ne aka fi saye a nan saboda ido yana ganin kamar ya fi haske ko da lumen ɗinsu ɗaya. Farin ya fi jawo ƙwari da damina, kuma ba shi da daɗin ido a ɗakin barci. Sai kuma adadin da ake rubutawa da haruffan CRI ko Ra, mai nuna yadda hasken yake fito da ainihin launin kaya, inda 100 ne ƙoli. Duk wanda ya taɓa ganin mai sayen leshi a Kantin Kwari ta ɗauki yadin ta fito bakin shago tana juya shi a rana ya ga aikin wannan adadi, domin hasken da ke ciki ya gaza raba mata ruwan goro da ruwan ƙasa. Na gida 80 ya isa, mai sayar da yadi kuwa ya nemi 90.

Fitilar caji da ƙwai mai batir a ciki

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne idan akwai wuta. Fitilar caji LED ce haɗe da batir, saboda haka ingancinta yana ga batirin. Masu arha suna ɗauke da ƙaramin batirin dalma, wanda idan aka bar shi ya ƙare ƙurmus aka ajiye kwanaki ba caji, ba ya komawa yadda yake, shi ya sa fitilar da take kai wa asuba a watan farko take mutuwa kafin a gama cin tuwon dare a wata na shida. Masu batirin litiyam sun fi tsada, sun fi sauƙin ɗauka, kuma suna jure caji sau da yawa. Lumen ɗin da aka rubuta na lokacin da batir yake cike ne a mataki mafi ƙarfi, awannin da aka rubuta kuma galibi na mataki mafi rauni ne, sai a haɗa su a kwali ɗaya kamar tare suke zuwa. Ƙwai mai batir a ciki yana da daɗin sha'ani, domin a holda ake ɗaura shi, ana ɗauke wuta ya ci gaba da haske na 'yan awanni, amma da ƙarfin da bai kai na farko ba, kuma batirinsa yana zaune ne a wuri mafi zafi a ɗakin. Haɗarin waɗannan duka shi ne barin su a caji ba mai kula, musamman a shagon da aka kulle aka tafi gida.

Fitilar sola

Kano tana da rana wadatacciya kusan duk shekara, kuma wannan ne ya sa fitilar sola ta fi ta caji dacewa da unguwannin da wuta takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Ƙananan suna ba da lumen gomiya kaɗan zuwa ɗari da wani abu, daidai karatun yaro ɗaya, manyan kuma suna zuwa da faifai dabam da ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya. Kuɗin farko ne mai nauyi, ko da yake kamfanoni irin su Sun King da d.light suna da tsarin biya kaɗan-kaɗan, bayan haka babu kuɗin mai babu na mita. Akwai tsarin tantance inganci na duniya mai suna VeraSol da yake gwada ko lumen da awannin da aka rubuta gaskiya ne, kuma kayan da suka bi ta hannunsa sun fi zama abin dogaro. Da hunturu dole a riƙa goge faifan, domin ƙura da hazo suna rage cajin sosai. Wanda ya riga yana da batir da faifai zai iya sayen ƙwan LED mai bolt 12 ya haɗa kai tsaye ba tare da inbata ba, amma a ware shi daga sauran, domin idan aka ɗaura shi a wutar gari nan take zai ƙone.

Fitilar ƙwai, aci-balbal da kyandir

Kyandir lumen 12 ne ko kusa da haka, fitilar ƙwai mai kananzir kuma gomiya kaɗan idan an goge gilashin an gyara lagwani. Sai an jera kyandir sama da 60 kafin a kamo ƙwan LED ɗaya mai wat 9. Ga hayaƙi, ga tsadar kananzir, ga haɗarin gobara inda akwai gidan sauro da katifar soso. Ga kwatancin dukan fitilun a taƙaice:

| Irin fitila | Lumen a kowane wat | Kuɗin saye | Kuɗin riƙewa | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gulob mai zare | 12 zuwa 16 | Mafi arha | Mafi tsada | Kusan awa 1,000 | Zafi da gobara |
| Ƙwan enaji | 50 zuwa 70 | Matsakaici | Matsakaici | Awa 6,000 zuwa 10,000 | Zaiba idan ya fashe |
| Dogon ƙwai | 70 zuwa 90 | Matsakaici, ga cok da sitata | Matsakaici | Awa 8,000 zuwa sama | Zaiba, ƙin kamawa a raunin wuta |
| LED na kirki | 80 zuwa 120 | Ya ɗan fi tsada | Mafi sauƙi | Awa 15,000 zuwa 25,000 | Jabu, zafin rufaffen wuri |
| Fitilar caji | Kamar LED | Ya danganta da batir | Kaɗan | Iyakar ran batir | Caji ba mai kula |
| Fitilar sola | Kamar LED | Mai nauyi da farko | Kusan babu | Shekaru idan litiyam ne | Jabu, ƙura a faifai |
| Kananzir da kyandir | Ba a auna su da wat | Arha | Tsada kullum | Gwargwadon mai | Gobara da hayaƙi |

Wa ya dace da wacce

Magidanci mai ɗaki ƙafa sha biyu sha biyu, wanda girmansa ya kai murabba'in mita 13 da 'yan kai, yana buƙatar lumen kusan 1,350 su sauka a daɓen ɗakin idan yana son luks 100, hasken da ya isa zama da hira. Tun da bango da silin da labule suna shanye wani kaso, ya nemi lumen 1,600 zuwa 2,000, kuma ƙwai biyu masu wat 9 a wurare dabam-dabam sun fi ɗaya mai wat 18 a tsakiya, domin suna rage inuwa kuma ba sa tara zafi wuri guda. Idan fentin ɗakin mai duhu ne sai a ƙara. Ɗakin barci ya fi daɗi da kelbin 3,000, kicin da banɗaki kuma 4,000 zuwa sama. Zaure da ƙofar gida da ake bari a kunne har asuba wat 5 ya ishe su, mai ɗan rawaya saboda ƙwari.

Tela da mai aikin hula da mai gyaran waya lamarinsu dabam ne. Ƙa'idojin hasken wuraren aiki sukan nemi luks 500 a kan teburin rubutu da karatu, aikin allura kuma fiye da haka. Telan da yake kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, yana neman ramin allura da baƙin zare a kan baƙar shadda, yakan zaci mafita ita ce ya ƙara wat ɗin ƙwan da ke silin. Abin da zai fi masa amfani shi ne ya sauko da hasken, domin idan aka rage nisa zuwa rabi, luks yana ninkawa huɗu. Fitilar da ke ba da kandela 100 tana saukar da luks 25 a nisan mita biyu, luks 100 a mita ɗaya, luks 400 a rabin mita. Ƙaramin LED mai wat 5 da aka maƙala daf da kan keke, ta gefen da hannu ba zai tare shi ba, ya fi masa mai wat 30 a can sama. Haka ma ɗalibi mai shirin jarrabawa da almajiri mai tilawar dare: ƙaramar fitilar sola mai ƙafa a gefen littafi ko allo ta wadatar.

Mai shagon yadi ko takalma ya sa dogon LED maimakon tsohon dogon ƙwai, ya nemi Ra 90 da kelbin 4,000 zuwa 5,000, ya kuma kashe komai daga babban makunni idan zai rufe. Masallaci da aji suna son fitilu da yawa matsakaita a jere, ba biyu manya masu kashe ido ba. Mai shayi da mai tsire da mai kayan miya da ke kasa kaya a bakin titi da daddare, fitilar caji mai batirin litiyam ko ƙwan bolt 12 da ɗan batir ya fi musu ƙaramin janareta sauƙi. Gidan da wuta take zuwa kullum amma tana yawan ɗaukewa, ƙwai mai batir guda ɗaya a falo da ɗaya a tsakar gida zai hana laluben ashana. Gidan da take yin kwanaki ba ta zo ba ya tara kuɗin sola.

Mai gadi da 'yan sintirin unguwa su ne masu buƙatar kandela kai tsaye. Tocilar da aka rubuta wa lumen dubbai amma take watsa hasken kamar ƙwan ɗaki ba za ta nuna fuskar mutum a ƙarshen lungu ba. A nemi wadda aka rubuta kandela ko nisan mitocin da take kaiwa, ko wadda ake murɗa kanta a tsuke hasken, sannan a gwada ta bayan magariba a doguwar hanya, a bar ta kunne na minti goma a ga ko hasken ya tsaya yadda ya fara.